Rifiresh, Batir da Bairos: Ina Gaskiya, Ina Shaci-faɗi a Zancen Kwamfuta

A kusan kowane shagon buga takardu, ko a bakin jami'a ne ko a gefen sakatariyar ƙaramar hukuma, da zarar an kunna kwamfuta sai ka ga mai aiki ya hau danna rifiresh kafin ya buɗe komai, wani ma ya danne F5 har allo ya riƙa ƙyaftawa. Idan ka tambaye shi zai ce yana warware ta ne don ta yi sauri. Ba ta ƙara sauri ko kaɗan. Abin da rifiresh ke yi shi ne ya sa Windows ta sake zana gumakan da ke fuskar allo, ta duba ko an ƙara wani fayil ko an cire. Saurin da ake gani daga baya ya zo ne domin manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar sun gama tashi. Wannan al'ada ba ta cutar da kowa, don haka ba zan tsaya a kanta ba. Waɗanda suka dame ni su ne maganganun da ke cin kuɗin mutane, ko su sa a kwana ana gadin ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Da yawa daga cikin maganganun nan ba ƙarya aka shirya ba. Gaskiya ce ta wani zamani, na'urori suka sauya, zance bai sauya ba. Batir ne babban misali. Har yau mai sayar da laftof zai ce maka, "Alhaji, ka bar ta a caji awa takwas kafin ka fara aiki, kuma kada ka sake jona ta sai ta mutu murus." Shawarar ta samo asali ne daga tsofaffin baturan nikel, waɗanda aka san su da raguwar ƙarfi idan ana yawan yi musu rabin caji. Baturan litiyam, waɗanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, su ne a cikin laftof ɗin yau, kuma halinsu akasin haka ne: yawan barinsu su kai sifili yana tsufar da su. Ka jona caja idan batir ya sauko kusan 20 cikin 100. Yin aiki alhali tana caji ba laifi ba ne, kuma ba ta cika ta tumbatsa, domin akwai da'irar da ke yanke caji idan ya kai 100.

Sai dai masu cewa barin ta a jone kullum yana lalata batir ba su faɗi ƙasa gaba ɗaya ba. Batirin litiyam da ke zaune a cike kullum, kuma cikin zafi, ya fi saurin tsufa. Shi ya sa kamfanoni irin su Lenovo, Dell da Asus suka saka tsarin tsayar da caji a 60 ko 80 cikin 100. Wanda kwamfutarsa ke kan tebur a ofishin da ke da sola, wannan tsari zai amfane shi. Wanda kuwa bai san lokacin da za a kawo wuta ba, balle lokacin da za a ɗauke, ya cika batirinsa fal ya huta. Amfanin batir shi ne ya riƙe ka idan an ɗauke wuta, ba a ajiye shi yana ƙuruciya ba. Abu ɗaya ne ba a wasa da shi: batirin da ya kumbura har ya ɗaga kibod ko ya buɗe bakin laftof. A daina caji nan take a kai wa mai gyara, kada a huda shi, kada a danne shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Zancen wutar lantarki ma gauraye yake. Ana cewa ƙarancin wuta ne ke ƙona caja. Ka juya cajarka ka karanta: galibi an rubuta 100-240V, ma'ana tana aiki da wutar Amurka mai 120 da tamu mai 230, kuma tana jure wuta mai rauni fiye da firji ko fanka. Haɗarin yana cikin tsallen da wuta ke yi a daidai lokacin da aka dawo da ita, ko aka sauya daga janareta zuwa NEPA, ko aka yi tsawa da damina. Cire caja daga soket idan an ɗauke wuta, a mayar bayan ta daidaita, dabara ce mai kyau. Haka nan cajar da ta fi watt yawa ba ta cusa wa kwamfuta wutar da ta fi ƙarfinta. Kwamfutar ce ke jan abin da take bukata. Abin dubawa shi ne volt ya dace, kan cajar kuma ya yi daidai da ramin. Jabun caja marar nauyi da aka saya don araha tana iya kashe kwamfuta. Kwamfutar tebur kuwa ba ta da batir, shi ya sa take bukatar UPS, na'urar da ke riƙe mata wuta na ɗan lokaci, domin ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubuta fayil na iya ɓata fayil ɗin ko Windows ɗin kanta.

Abin da aka fi rainawa shi ne ya fi ɓarna a wajenmu: zafi da ƙura. Apple ta ƙayyade wa laftof ɗinta yanayin aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, alhali a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, watan Afrilu kan wuce 40 a inuwa. Ga hunturu kuma, wanda ƙurarsa ke bin fanka ta taru a bakin ƙarfen da ke fitar da zafi har ta zama kamar audugar katifa. Idan iska ta daina wucewa, ƙwaƙwalwar kwamfutar tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, idan zafi ya kusa digiri 100 sai ta kashe kanta. Mai ita sai ya ce bairos ne. Ɗora laftof kan katifa, filo ko lallausan kafet yana toshe ramukan ƙasanta; faranti ko allon katako ma ya wadatar. Bayan kowane hunturu, ya dace a buɗe ta a share fanka, idan ta kwana biyu kuma a sabunta man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya. Idan shayi ya zube a kanta, binne ta cikin shinkafa ba magani ba ne. A kashe ta nan take, a cire caja, a kifa ta, a kai ta a buɗe a wanke, domin sukarin da ya bushe a ciki zai ci gaba da jawo danshi yana cin wayoyi.

Mu dawo kan bairos, wanda ake ɗora wa kowane laifi. Kwamfuta ta yi nauyi, bairos. Ta yi zafi, bairos. Sau da yawa matsalar ita ce ram ɗinta gigabait 4 ne kacal, ma'ajiyarta tsohon faifai ne mai juyawa, ga tarin manhajoji da ke tashi tare da ita ba tare da an gayyace su ba. Yin fomat zai sauƙaƙa na ɗan lokaci, ya kuma tafi da takardunka idan ba a kwashe ba. Sauya faifan da SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, shi ne gyaran da ya fi kowane tasiri ga tsohuwar laftof, kuma a ganina mai gyaran da ya fara ambaton fomat kafin ya duba abin da ke cin ƙarfin na'urar, gajeriyar hanya yake nema. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Tun daga Windows 8, kashe kwamfuta ta hanyar da aka saba ba ya share komai daga ƙwaƙwalwa, domin tana adana wani ɓangare don ta tashi da wuri. Ristat ne ke farawa daga tushe. Idan ta fara rikici, shi za a fara gwadawa.

"Ni ba na hawa intanet da ita, ina bairos zai same ni?" Ta filas zai same ka. Duk ɗalibin da ya taɓa kai filas ɗinsa shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun koma gumaka masu 'yar kibiya, ya san wannan. Labari mai daɗi shi ne irin wannan bairos yawanci ɓoye fayiloli yake yi, bai goge su ba, don haka kada a yi gaggawar fomat, kuma kada a danna gumakan, domin dannawar ce ke shigar da shi kwamfuta. Ba ƙananan shaguna kaɗai wannan hanya ke kayarwa ba. Bairos ɗin Stuxnet, wanda aka gano a 2010 kuma ya lalata injinan tace yuraniyam a Natanz ta ƙasar Iran, an ƙera shi ne yadda zai bi filas ya isa na'urorin da ba su haɗe da intanet. Masu cewa Mac ba ta kamuwa su ma su tuna da Flashback, wanda ya shiga kwamfutocin Apple kusan 600,000 a 2012.

To sai an sayi antibairos? Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender, kyauta, kuma ya ishi mai amfani na yau da kullum muddin ana sabunta shi. Tara biyu ko uku ba ƙarin tsaro ba ne, rikici suke yi da juna su nauyaya kwamfuta. Abin dariya, ko na takaici, shi ne antibairos na sata da ake loda wa mutane tare da Office na sata da Photoshop na sata. Umarnin farko wajen saka irin waɗannan manhajoji shi ne a kashe kariyar kwamfuta, kuma babu wanda ya san abin da aka cusa a cikin ɗan fayil ɗin da ke fasa makullin. Ga wanda ke shiga asusun bankinsa da kwamfutar, arahar nan tana da tsada. Akwai LibreOffice, kyauta kuma halal, yana buɗe takardun Word da Excel. Saƙon da ke faɗowa a shafin intanet da jan rubutu wai an gano bairos a na'urarka, ka danna nan ko ka kira wannan lamba, shi kansa ne tarkon. A rufe shafin kawai.

Sabuntawar Windows ita ce wurin da na fi jin tausayin mutane, domin dalilinsu na ƙin ta gaskiya ne: tana cin data, data kuwa kuɗi ce. Masu gyara da yawa kan kashe ta gaba ɗaya su ce sun taimake ka. A watan Maris na 2017 Microsoft ta fitar da gyaran wata kafa a Windows. Ranar 12 ga Mayu, bairos ɗin WannaCry ya bi wannan kafar ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, yana neman fansar dala 300, har asibitocin Ingila suka soke dubban ganin likita. Waɗanda suka karɓi gyaran wata biyu kafin nan ba ta wannan kafar aka same su ba. Mafita ga mai ƙarancin data ita ce ya shaida wa Windows cewa layinsa na awo ne, akwai wurin yin haka a saitin intanet, sannan ya sabunta idan ya samu wayfay ko datar dare mai rahusa.

Jita-jitar cewa Windows 10 ta mutu ranar 14 ga Oktoba 2025, rabinta gaskiya ce. Kwamfuta ba ta daina aiki ba, fayil bai ɓace ba. Gyaran tsaro na kyauta ne ya tsaya, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Windows 11 tana neman guntun tsaro na TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwar Intel ce, ta ƙarni na 8 zuwa sama, alhali 'yan gwanjon da ke kasuwanni irin su Farm Centre a Kano da yawansu sun girmi haka. Mai sayen laftof yanzu ya tambayi ƙarninta, kada "Core i7 ce" ta ruɗe shi, domin i7 ta ƙarni na 4 tsohuwa ce. Wanda tasa ba za ta ɗauka ba yana iya barin Windows ya koma Ubuntu ko Linux Mint.

Sai batun sirri, wanda a nan kuskure ke zubar da mutunci. Goge hoto, har da zubar da kwandon shara, ba ya cire shi daga tsohon faifai. Sunansa kawai ake cirewa daga rajista, kuma akwai manhajojin da ke dawo da shi. Fomat na gaggawa ma haka. Kafin ka sayar ko ka kyautar da kwamfuta, yi amfani da tsarin mayar da Windows sabuwa, ka zaɓi wanke faifan gaba ɗaya ko da zai ɗauki sa'o'i. Kalmar sirrin shiga Windows ita ma ba ta hana wanda ya zare faifan ya jona shi a wata na'ura karanta komai. Abin da ke hanawa shi ne rufe faifan da BitLocker, amma a adana mabuɗinsa mai lambobi 48 a wani wuri dabam, domin idan ya ɓace mai kwamfutar ma ya rasa hanya. Shafin ɓoye na Chrome kuwa tarihin da ke kan na'urarka kaɗai yake ƙin ajiyewa. Kamfanin layinka da mai intanet ɗin ofis suna iya ganin shafukan da ka ziyarta.

Akwai wata magana da masu loda Windows suka yaɗa da kyakkyawar niyya: "Ka ajiye kayanka a D, ko C ta lalace suna nan." Gaskiya ce idan Windows ce ta rikice aka sake lodawa. Amma a yawancin laftof, C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu. Idan ya faɗi yana juyawa a gudun zagaye 5,400 a minti, ko aka sace jakar a tasha, duka biyun sun tafi tare. Ɗalibin da ke rubuta furojet ya aika wa kansa kwafi ta imel duk ranar da ya ƙara babi. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na ba da 5, takardar Word mai shafi ɗari kuwa, idan babu hotuna, da wuya ta kai megabait ɗaya. Hotuna da bidiyon biki masu nauyi a kwashe su zuwa faifan waje, a cire shi daga jikin kwamfutar bayan an gama, a ajiye shi a gida ba cikin jakar laftof ba.