Yadda Ake Auna Ƙarfin Jijiya Wajen Narkar da Gudan Jini ga Masu Ciwon Ƙoda

Duk mai noman rani a fadamun Nahuce ya san cewa hanyar ruwa ba ta rabuwa da yasa. In aka ƙyale ta, laka ta taru, ruwa ya tsaya. Jijiyoyin jini ma haka suke, sai dai su da kansu suke yashe kansu.

Idan jijiya ta yi rauni, jini yakan saƙa wani zare mai kama da yanar gizo, wanda masana ke kira faibirin, ya toshe wurin. Da rauni ya warke, sai fatar cikin jijiyar ta saki wani sinadari mai tayar da falasmin, shi kuwa falasmin ya yayyanka zaren har gudan ya narke. Abin sha'awa, ƙoda ma tana yin irin wannan sinadari. A fitsari aka fara gano nata, shi ya sa aka raɗa masa suna yurokines.

To, me ya kawo maganar masu ciwon ƙoda? Wanda ƙodarsa ta gaza, wankin jini ne ke riƙe da shi, sau biyu ko uku a mako, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Kafin nan akan haɗa jijiyoyi biyu a hannunsa don allurar na'ura ta sami wadataccen jini, dabarar da likitoci Brescia da Cimino suka bayyana a Amurka a 1966. Wannan mahaɗa ita ce ran majinyacin. Ranar da gudan jini ya toshe ta, wanki ya tsaya, ga shi dattin da ke taruwa a jininsa yana lahanta fatar da ke aikin yasar.

Awon kala biyu ne. A 1959 wani masani a Birtaniya, Todd, ya fito da na farko. Akan yanki ɗan tsinken jijiya, a daskarar da shi, a fere shi siriri, a ɗora kan gilashi, a lulluɓe da shimfiɗar faibirin, sa'an nan a ajiye a zafin jiki, wato digiri 37. Bayan wasu mintuna sai a rina, a duba da madubin likita. Duk inda jijiyar ke da ƙarfi, za a ga fili fes inda zaren ya narke. Faɗin filin da saurin bayyanarsa su ne ma'auni.

Na biyu ba ya bukatar yanka, kuma a ganina shi ya fi dacewa da asibitocinmu. A ɗebi jini, a ɗaura mariƙin awon hawan jini a damtse na minti 10 zuwa 20, a sake ɗiba. Matsin yakan sa lafiyayyar jijiya ta zubo da sinadarinta, gudan da aka haɗa a kwalba ya narke da wuri fiye da na farko. Idan lokutan biyu sun zo kusan ɗaya, jijiyar ba ta amsa ba ke nan, likita kuma sai ya ƙara sa ido a kan mahaɗar hannun.