Kafin Ka Ba da Kafin Alƙalami

Tun da aka cire Jigawa daga Kano a 1991 aka mai da Dutse babban birni, fili a wannan yanki ya zama haja. Zuwan Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 ya ƙara wa abin zafi, har ma'aikacin da kuɗinsa bai kai na gida a unguwar Takur ba yakan waiwayi Shuwarin ko cikin garin Kiyawa, inda farashi ke da dama-dama.

Yawancin masu saye sukan ɓata lokacinsu wajen ƙirga ɗakuna da ƙwanƙwasa bango. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: shin wanda ke sayarwa yana da ikon sayarwa?

Da yawan gidajen da dillalai ke tallatawa a garuruwanmu gidajen gado ne. Mahaifi ya rasu, ba a yi rabo ba, babban wa ya riƙe takarda yana ciniki kamar nasa shi kaɗai. Alhali akwai matar mamacin mai tumuninta, akwai 'yan'uwa mata da ke gidajen aure a wasu garuruwa, wataƙila da ƙanin da ya tafi ci-rani bai san wainar da ake toyawa ba. Duk ranar da ɗayansu ya kai ƙara kotun shari'ar Musulunci, mai saye ne zai kwana a ciki. Ko da rabon mutum ɗaya ka saya a gidan da ba a raba ba, fiƙihun Malikiyya ya ba sauran abokan tarayya haƙƙin shuf'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓi abinsu, kana so ko ba ka so. Saboda haka a nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuwa a tara magada duka, maza da mata, kowa ya ce ya sallama da bakinsa, ya sa hannu. Kada a yarda da "ai na yi magana da su". Wanda ya ji haushin wannan sharaɗi, ka bar masa gidansa.

Daga nan sai mai unguwa da maƙwabta. Su suka san inda iyaka ta tsaya, da ko an taɓa jinginar da gidan, da ko an sayar wa wani a bara. A rubuta takardar ciniki da sunayen maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, shaidu su sa hannu, dagaci ko hakimi ya buga hatimi. La'adar dillali kuwa a yanke ta tun kafin a shiga ciniki, a kuma faɗi wanda zai biya. Kuɗi ta banki ya fi, don yana barin sawu.

Sai dai hatimin hakimi shaida ce ta ciniki, ba ita ce mallaka a idon hukuma ba, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99 ga gidan zama. A yankin da aka ayyana birni gwamna ke bayarwa, a karkara kuma ƙaramar hukuma na ba da na gargajiya. In gidan na da satifiket, a je ma'aikatar filaye a Dutse a duba fayil: sunan wa ke ciki, ana bin sa kuɗin ƙasa, ko yana jingine a banki? Sauya suna kuma sai da amincewar gwamna. Akwai jeka-ka-dawo a ciki, gaskiya ne, amma ranar da aikin hanya ya biyo ta ƙofar gida aka zo maganar diyya, mai cikakkiyar takarda ba ya shan wahalar da maras ita ke sha.

Ga ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, akwai rancen Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, mai kuɗin ruwa kashi 6, ana biya har shekara 30. Kuɗin ruwan nan ne ke sa da yawa daga cikinmu ja da baya, su gwammace adashi ko bankunan da ba sa ta'ammali da riba irin Jaiz. Kowane banki aka nufa, sai ya nemi ganin takardun gidan.

Abu na ƙarshe, lokacin dubawa. Gidan da aka nuna maka a watan Maris, ƙasa a bushe, fenti sabo, bai gaya maka komai ba. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san abin da kwari ke yi wa ginin ƙasa. In da hali, a jira Agusta a koma bayan an ɗauke ruwan sama, a ga inda ruwan unguwa ke bi. In ba a iya jira, a duba gindin katangar maƙwabta, waɗanda ba su yi fenti don sayarwa ba, a ga iya inda danshi ya kai.