Idan Hoton Kyamarar Tsaro Ya Tsaya Cak

Kyamarar tsaron da ta mutu murus ba ta cika cutar da mai gida ba, domin da zarar ya ga allo ya yi baƙi zai tashi neman gyara. Mai cutarwa ita ce wadda hotonta ya daskare. Ƙofa na nan a rufe, mota na inda aka ajiye ta, komai lafiya lau a ido, alhali hoton na minti goma da suka wuce ne. Don haka duk mai kyamara, a gida ko a shago, ya saba da duban agogon da ke kusurwar hoton kafin ya dubi komai. In daƙiƙoƙi suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, abin da kake gani shi ke faruwa. In sun tsaya, ko suna tsalle daga 12 zuwa 27, to da sauran rina a kaba, ko da hoton ya fito tangaran.

Da yawanmu in haka ta faru sai mu yanke hukunci cewa an sayar mana da jabu, mu koma kasuwa mu sayo wata, ita ma bayan sati biyu ta fara irin wannan halin. Sau da yawa kyamarar ba ta da laifi. Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, kuma shi ke nuna inda za a dosa. Ka riƙe lokacin da hoton ya tsaya a wayarka, in ka koma gida ka kunna abin da aka naɗa a daidai wannan lokacin, a talabijin ɗin da ke haɗe da na'urar naɗa ta DVR, ko ka ciro katin memori ka saka a kwamfuta. In bidiyon yana tafiya sumul, kyamara ta yi aikinta, a hanya ne hoton ya maƙale tsakanin gida da wayarka. In kuwa ka tarar da giɓi, an naɗa ƙarfe 2:10 sai kuma 2:25, to ciwon na cikin gida: wuta ce, ko wayoyin da suka haɗa kayan, ko ma'ajiyar bidiyon.

Maganar hanya ita ta fi yawa, kuma ita aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mutum zai ce maka, "Ai sabis ya cika, yanzu ma na gama kallon YouTube." Kallon YouTube sauke bidiyo ne daga intanet. Kyamara kuwa tura bidiyo take yi, kuma a yawancin layukan waya gudun turawa bai kai na saukewa ba. Kyamara guda mai hoton 1080p tana buƙatar wajen megabit 2 zuwa 4 a kowace daƙiƙa. Ka buɗe huɗu a lokaci guda, ka ga ana neman 8 zuwa 16 daga rautar da wataƙila 3 take iya turawa da magariba, lokacin da unguwa kaf ta hau intanet. Duk wata manhajar auna gudun intanet za ta nuna maka lambobi biyu, na turawa shi ne naka. Ka auna a gida, a kan rautar da kyamara ke amfani da ita, kuma da daddare, ba da asuba ba.

Maganin nan kusa yake. Kusan kowace manhajar kyamara, Hik-Connect ce ko V380 ko Tapo, tana da zaɓi tsakanin HD da SD. In kana waje ka zaɓi SD. Hoton waya zai ɗan ragu, amma zai yi tafiya, shi kuma wanda ake naɗawa a gida yana nan da kyansa. Ka riƙa buɗe kyamara ɗaya-ɗaya maimakon duka. In na'urarka tana da tsarin matse bidiyo na H.265, a mayar da ita kansa, domin yakan ci kusan rabin abin da H.264 ke ci. Haka kuma hoto 15 a daƙiƙa ya ishi mai gadin ƙofa, ba sai 25 ko 30 ba, tunda ba ƙwallo ake haskawa ba. Aljihu ma zai huta: megabit 2 a daƙiƙa kusan gigabait ɗaya ne a awa. Wanda ke barin manhaja a buɗe wuni guda a kan teburin ofis, kada ya yi mamaki in data ta ƙare tun kafin wata ya raba, kuma ƙarewar data kanta tana cikin abubuwan da ake ɗora wa kyamara.

Sai Wi-Fi na cikin gida. Ginin bulo da siminti, dakin mai rodi, ƙofar ƙarfe da tankin ruwa duk suna cinye siginar. Rauta tana falo bayan talabijin, kyamara tana kan katanga a bakin get, tsakaninsu bango uku, ina hoto zai bi? Ka ɗauki wayarka ka tsaya daidai ƙarƙashin kyamarar, ka kashe data, ka kunna bidiyo da Wi-Fi kaɗai. In wayarka ta yi ta juya da'ira, kyamara ma haka take fama. A ɗaga rauta sama, a matso da ita kusa da taga ta ɓangaren kyamarar, ko a sa na'urar ƙara zango a tsakiyar hanya, inda siginar ke da sauran ƙarfi. Yawancin ƙananan kyamarori a zangon 2.4 GHz suke aiki, wanda ya fi 5 GHz ratsa bango amma ya fi cunkoso, musamman a gidajen haya da layin shaguna inda kowa ke da rautarsa. Canza tasha zuwa 1 ko 6 ko 11 a saitin rauta yakan kawo sauƙi.

Ni dai a ganina, kyamarar bakin ƙofa ba ta cancanci Wi-Fi ba in har ana iya jan waya. Wayar intanet tana kai mita 100 ba tare da matsala ba, kuma akwai tsarin PoE da ke tura wuta da hoto ta waya guda. Sai dai a kula da irin wayar. Akwai mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa fentin tagulla. Ka kankare silin ɗaya da reza, in ka ga fari ya bayyana, ita ce. Ba ta ɗaukar wuta da nisa, kuma tana saurin karyewa a mahaɗa.

Wuta ita ce babbar mai laifin da ba a zargi. Ga alamarta: kyamara lafiya ƙalau da rana, da duhu ya yi sai ta fara ɗaukewa tana dawowa. Dalili shi ne da dare take kunna ƙananan fitilunta na ganin duhu, waɗannan jajayen ɗigo-ɗigon da ke kewaye da gilashin, sai buƙatarta ta wuta ta ƙaru. In adaftar ta gaji, ko an rataya kyamara huɗu a kan wadda aka yi don biyu, ko wayar wutar ta yi tsawo kuma siririya ce, volt 12 ɗin ba ya isa can ƙarshe cikakke. Kyamara sai ta mutu ta sake tashi, ta sake mutuwa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Gwajin shi ne a kawo wata adafta mai volt iri ɗaya, mai amfiya daidai ko sama da ta da, a jona kusa da kyamarar a kwana a gani. Kada a kuskura a ƙara volt, ƙonewa za ta yi.

Ga kuma halin wutarmu. Duk sanda NEPA ta ɗauke aka koma janareta, rauta da DVR sai sun ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin su farfaɗo, kuma yanke wuta ana tsakar naɗa yana lalata fayil, wani lokaci har da katin. Ƙaramin UPS ko layin inbata ya ɗauki ukun nan tare: kyamara, na'urar naɗa, da rauta. Sa wa kyamara batir a bar rauta a kan wutar gari aikin banza ne ga mai kallo daga nesa. Zafi ma yana da nasa. DVR da aka kulle a durowa, ko aka ɓoye a silin ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, dole ta riƙa sumewa. A ba ta iska, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankarta.

Katin memori kuwa, kyamara rubutu take yi a kansa dare da rana, don haka katin waya na yau da kullum ba ya jurewa. A nemi wanda aka rubuta wa High Endurance, daga wurin da aka amince da shi, domin jabun kati mai rubutun 128GB a jiki da ɗan mitsitsin ciki ya cika kasuwa. A goge shi ta cikin manhajar kyamarar kanta kafin a fara aiki. Na'urar DVR kuma tana son faifan da aka ƙera don wannan aiki, irin su WD Purple ko SkyHawk, ba tsohon faifan kwamfuta ba.

Saura masu kallo. Maigida na kallo, uwargida na kallo, ɗa a makaranta na kallo, kowannensu yana iya jan nasa kason daga rauta guda. Waɗannan ka san da su. Wanda ba ka sani ba fa? A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye dubun dubatar kyamarori da na'urorin DVR a faɗin duniya, ba da wata dabara ba face gwada kalmomin sirrin da kamfanoni ke sakowa da su, har aka yi amfani da su wajen kai harin da ya hana mutane da dama shiga Twitter da Netflix a Amurka. Kyamarar da aka shiga takan yi nauyi, amma nauyin ƙaramin abu ne a kan baƙon ido a tsakar gidan da iyali ke zaune. In har yanzu kalmar sirrinka "admin" ce ko "12345", ko kuma mai haɗa kyamarar ne kaɗai ya san ta, ka sauya ta yau, ka duba jerin waɗanda aka ba izinin kallo, ka sabunta manhajar cikin na'urar ta hanyar kamfanin da ya yi ta.

In duk an bi waɗannan abin bai daidaita ba, a kira mai gyara, amma a kira shi da bayani a hannu: da dare ne ko da rana, kyamara ɗaya ce ko duka, akwai giɓi a abin da aka naɗa ko babu. Kada ka bari ya danna maɓallin mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani, ko ya goge faifai, sai ka kwashe bidiyon da kake buƙata, kuma ka tabbatar asusun manhajar da lambar wayarka ko imel ɗinka aka buɗe shi, ba da nasa ba.