Gobarau Ta Sauya Aiki, Cocin Mosko Ya Zama Wurin Iyo

Wanda ya taso daga Bugaje ya ratsa tsohon birnin Katsina zai ci karo da hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 15. Tarihin baka ya ce masallaci ne tun zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma wurin karatu. Daga baya aka riƙa hawanta ana hangen mahara. Sallah dai ta koma wani masallacin, ba wanda ya hana ta.

A Rasha kuwa da gangan aka sauya wa wuraren ibada aiki. Bayan juyin juya halin 1917, gwamnatin kwaminisanci ta ƙwace kadarorin coci, ta sauke ƙararrawa ta narkar, ta mai da dubban majami'u rumbun hatsi, sito da gidan silima. Gidan ibadar Solobki da ke tsibirin Farin Teku ya zama sansanin fursunoni a 1923. A Leningirad kuwa cocin Kazan aka zaɓa a 1932 ya zama gidan tarihin da ke koyar da cewa babu Allah. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Rushe gini ɓarna ce, amma a ce inda kakarka ta durƙusa nan za a kai ka a nuna maka wautarta, wannan cin fuska ne.

Babban cocin Almasihu Mai Ceto na Mosko nakiya aka sa masa ranar 5 ga Disamba 1931, don a gina Fadar Sobiyet da gunkin Lenin a ƙololuwarta. Yaƙi ya zo, fadar ba ta tashi ba, ruwa ya kwanta a ramin harsashin. A 1960 aka buɗe wurin iyo a nan, ruwan ɗumi a fili, tururi na tashi cikin ƙanƙara, yara na fantsama a inda ake addu'a a da.

Kada Musulmi ya ce wannan gobarar maƙwabci ce. Babban masallacin Leningirad an rufe shi a 1940, ya zama ma'ajiyar kaya har 1956. A birnin Kazan na Tatar masallacin Marjani kaɗai aka bari a buɗe shekara da shekaru.

A Mosko kuwa an rufe wurin iyon a 1994, aka sake gina cocin, aka keɓe shi a shekarar 2000.