Kallon Tsuntsaye Da Ɗaukar Hotonsu: Sha'awar Da Take Da Amfani

Daga cikin ayyukan sha'awa da ma'aikaci ko ɗan makaranta zai iya cika lokacin hutunsa da su, kaɗan ne suka kai kallon tsuntsaye araha, domin kuwa abin kallon yana nan a kan bishiyar darbejiya ta ƙofar gida, da katangar makaranta, da bakin kududdufin bayan gari. Masana sun ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 900 a Nijeriya, amma da wuya a sami mutumin birni da zai lissafa ashirin ba tare da ya tsaya tunani ba.

Mai wannan sha'awa yakan fara ne da koyon rarrabewa. Yakan lura da girman tsuntsu, ya gwada shi da wanda ya sani, kamar kurciya ko hankaka, sannan ya dubi launinsa, da siffar bakinsa, da kukansa, da irin wurin da yake sauka. Hasbiya ta fi kurciya girma, tana da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fukafukai. Namijin kabare, wanda yake saƙa sheƙarsa a reshe, rawaya ne mai baƙin kai da damina, amma da rani sai ya dushe ya yi kama da macen, har wanda bai sani ba ya zaci tsuntsaye biyu ne dabam. A nan ne hoto yake raba gardama.

Ɗaukar hoton tana bukatar haƙuri fiye da tsadar kaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sa'ad da tsuntsaye suke kiwo kuma haske bai yi zafi ba. Mai ɗauka yakan ba rana baya, ya sa tufafi marasa ƙyalli, ya zauna shiru kusa da kaskon ruwa da ɗan tsakin da ya watsa. Ko kyamarar wayar hannu tana isa ga tsuntsun da ya saba da mutane. Ba ya taɓa sheƙa, kuma ba ya juya kyamara wajen gidan maƙwabci sai da izini.

Wanda ya daɗe yana lura yakan gane gaskiyar da take cikin maganar magabata. Shamuwa da manoma suke ɗauka alamar damina, takan zo ƙasar Hausa ta yi ƙwai in ruwa ya kusa, da rani kuwa ta koma gabashi da kudancin Afirka. Haka nan ana cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma masana sun tabbatar da cewa akwai wani tsuntsu da yake saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankakan ya ƙyanƙyashe ya rena.

Sai dai babban amfanin wannan aiki yana cikin ɗan littafin da ake rubuta sunan tsuntsu da ranar da aka gan shi da wurin. Ungulu ta ishe mu misali. A da babu mayankar da ba a ganinta, yau kuwa yara da yawa ba su taɓa sa ta a ido ba, saboda guba, da sare manyan itatuwa, da farautarta don sayar wa masu magani. A 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka ma ya yi wuyar gani a dajin ƙasar nan. Da a ce kowace unguwa tana da mai rubutawa, da an farga tun raguwar tana farawa.

Hanyar ba da gudummawa a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da take dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ta fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, inda aka yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a kowane gefe, 'yan sa-kai kuma suna aika sunayen abin da suka gani a cikinsa. A tsaunukan Jos ɗin ne aka gano wani ɗan jan tsuntsu wanda sai a 1998 masana suka ba shi suna.

Saboda haka ya kamata shugabannin makarantu su kafa ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye, su kuma riƙa gayyatar tsofaffin maharba da manoma, domin a rubuta sunayen Hausa na tsuntsayen nan tun waɗanda suka san su suna da rai.