Ƙibar kare daga hannun mai shi take fitowa

Mun saba ganin ƙiba a jikin rago mu yi murna, don kuɗi ne a kasuwa. Kare ba na sayarwa ba ne, aikinsa gadi da bin garke, kuma kitse rage mishi ƙarfi yake yi. A yawon aikina na fi ganin karnuka masu ƙiba a gidajen Yamai da Maradi, inda ake ɗaure su wuni guda ana zuba musu sauran shinkafa da miya. Yanzu abin ya fara shiga garuruwan da makiyaya suka zauna wuri ɗaya, kare ya daina tafiyar kiwo amma kwanonsa bai ragu ba.

Ga yadda nake dubawa, kowa na iya yi. Ku shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu. In kun ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, lafiya lau. In sai kun danna, ya yi kitse. Karen Azawak kuwa, dogon nan na arewacin Tawa, halittarsa ce a ga haƙarƙarinsa. Kada wani ɗan birni ya ce muku yunwa ce. Babban ciki tare da ramammen baya shi ma ba ƙiba ba ce, sau da yawa tsutsa ce.

Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, mai ƙiba ne ke fara faɗuwa. Gaɓoɓinsa na ciwo, dila ta ɗauki ɗan akuya yana kallo.

A auna abincinsa da kwano guda, sau biyu a rana, mutum ɗaya ke ba shi, don a gida mai yawa kowa jefa mishi loma yake. A rage kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba a hana shi ci ba. Miya mai albasa da yawa na lalata mishi jini.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin layya. Banda kitsen da ake tara mishi, ana jefa mishi ɗanyen huhu, hanta ko kan tunkiya. In akwai ƙullutun ruwa a ciki, tsutsa za ta girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita da kashi ya bi ciyawa, ya koma cikin tumakinku. Daga nan ake samun tunkiya mai juwa, mai zagaye wuri ɗaya har ta mutu. A dafa kayan cikin sosai ko a binne su da zurfi, kuma ranar da za ku kai shi allurar haukan kare, ku nemi maganin tsutsa wurin ma'aikacin kiwo.