Daga Khaibar Zuwa Makka: Hutun Sallar Da Na Yi A Jirgin Ƙasa

Duk wanda ya yi Sallah a ƙasar waje ya san ranar da kewar gida ta fi ciwo. Shekarata biyu ina aiki a wata gonar dabino a Khaibar, garin da ke arewa da Madina, tsakanin baƙaƙen duwatsun tsohon aman wuta. Muna yara a Islamiyya mun karanta yaƙin Khaibar na shekara ta 7 bayan Hijira, ban taɓa zaton nan abincina zai kai ni ba.

Ana saura kwana biyar Ƙaramar Sallah mahaifina ya kira ni daga Kano. Ya ce, "Gwaggonka ta Makka ba ta da lafiya. Ka je ka gan ta a madadina, kada ƙasa ta rufe idon ɗayanmu ba mu gaisa ba."

Ban taɓa ganin wannan gwaggo ba. A shekarun 1950 kakanmu ya ɗauke ta tana yarinya suka nufi gabas, ya bar Baba a goye. Ta Maiduguri suka bi, suka ratsa Cadi, suka tsaya aikin auduga a Sudan don tara guzuri, sannan suka tsallaka Bahar Maliya. Shekara uku suka yi a hanya. Kaka ya rasu a Makka, ita kuma ta yi aure a can.

Babu tashar jirgin ƙasa a Khaibar. Ko tsohon layin dogon Hijaz, wanda Daular Usmaniyya ta shimfiɗo daga Dimashƙa ya iso Madina a 1908, ta yammacinmu ya wuce, kuma ya daɗe da mutuwa. Don haka washegarin Sallah na shiga motar haya bayan Asuba, muka yi kusan awa biyu kafin Madina. Na fara zuwa miƙatin Zul Hulaifa, wanda ake kira Abyar Ali, na ɗaura harami, sannan na nufi tasha.

A gaskiya gabana ya faɗi. Ko a gida ban taɓa hawa jirgin ƙasa ba, ga shi ba abokin tafiya. Tikitina yana cikin waya, iƙamata tana cikin ɗamarar harami, bini-bini sai na shafa in ji tana nan. Da kuwa ban sayi tikitin tun kafin Sallah ba, da wuya in sami kujera, domin masu Umara sun cika tashar maƙil.

Jirgin Haramain ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Tsawon layin kilomita 450 ne, gudunsa kuma yakan kai kilomita 300 a awa guda. Daga Madina yana bi ta Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, da Jidda, kafin Makka. Na zauna kusa da taga ina kallon duwatsu da rairayi suna gudu baya, raƙuma jefi-jefi kamar ɗigon tawada. Sai na tuna wannan tazara ce ayarin raƙuma kan yi sama da mako guda suna ci. Ni ga ni cikin sanyin na'ura, shayina ko girgiza ba ya yi. Kunya ta kama ni. Shekara biyu ina ce wa Baba babu hali, alhali yini guda ne tsakanina da 'yar'uwarsa.

Ba mu cika awa uku ba muka sauka a tashar Rusaifa. Na gama Umara, ɗanta ya zo ya ɗauke ni. Hausarsa duk ta cakuɗe da Larabci, amma tata tsohuwar Hausar Kano ce, irin wadda na daina ji tun rasuwar kakata. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ɗana, goshin Malam ne wannan." Na kira Baba ta WhatsApp na miƙa mata. Sun fi minti guda babu mai magana, sai kuka. Daga baya ta tambaye shi ko rijiyar tsakar gida tana nan. Ya ce an cike ta tun tuni.

Kwana biyu na yi na koma bakin aiki. Bayan wata huɗu Allah Ya yi mata rasuwa.

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, da yawanmu muna da dangi a Makka ko Jidda da muke ta cewa sai wani hutun. Ku duba iƙamarku, ku nemi izinin Umara a manhajar Nusuk, ku sayi tikiti da wuri, ku cika wayarku da caji. Rashin abokin tafiya ba hujja ba ce. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, yanzu kuwa an hutar da ƙafar ma.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sada mu da iyayenmu cikin alheri.